Hutu a Zanzibar: Kada Mu Bar Wayonmu na Legas a Filin Jirgi



A da, in aka ce Bahaushen Agege ko na Sabon Ibadan ko na Fatakwal ya fita waje, ba sai an tambaya ba: ko dai Makka ya tafi, ko Dubai, ko Sin sarin kaya. Yanzu zamani ya juya. Matasanmu da Allah ya buɗa wa, musamman sababbin ma'aurata, suna tara kuɗi su tafi hutu tsibiran da ke tsakiyar teku, su dawo da hotunan farin yashi da shuɗin ruwa. Ana zuwa Morishus, ana zuwa Maldibs, amma inda ya fi jan mutanenmu shi ne Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya. Mu ba mu ga aibun hakan ba. Wanda ya yi shekara yana fama da cunkoson Legas da hayaniyar kasuwar Mile 12, in ya samu hali ya je ya sha iskar teku na mako guda, halalinsa ya ci. Abin da ya dame mu daban ne. Mutumin da ba zai taɓa fito da waya a gadar Oshodi da dare ba, wanda ke leƙa fuskokin fasinjoji kafin ya shiga danfo, shi ne kuma da ya sauka a tsibiri sai ya kwance duk ɗamararsa, kamar an ce masa can ɓarayi ba sa haihuwa.

Mun fahimci abin da ke jawo wannan sakin jiki. Zanzibar tana kama da gida. Mafi yawan mutanenta Musulmi ne. Za ka ji kiran salla daga kowane lungu na tsohon garin da ake kira Stone Town, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Mata sanye da hijabi, dattawa da farar jallabiya da hula, abinci ba ka tambayar yanka. Harshensu na Suwahili ma cike yake da kalmomin da kunnenmu ya saba da su, domin daga Larabci muka aro tare: su ce habari mu ce labari, su ce hatari mu ce haɗari, su ce sabuni mu ce sabulu. Bahaushe kuwa da ya ji sallama an haɗa da murmushi, zuciyarsa ta kwanta. Gaskiya ne mutanen tsibirin masu karamci ne, kuma yawancin baƙi suna zuwa su koma lafiya ba abin da ya same su. Sai dai ɓarawon can ma ya iya sallama, kamar yadda na Kano da na Sakkwato suka iya.

A duba lissafin. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen Zanzibar, in an haɗa manyan tsibiranta biyu, Unguja da Pemba, sun kusa miliyan 1.9. A 2023 kaɗai baƙi 'yan yawon buɗe ido sama da 600,000 suka shiga. Baƙo ɗaya kan kashe a kwana guda a otel abin da matashin ƙauyen da ke bayan katangar otel ɗin ba zai samu a wata ba. Duk inda aka haɗa wadata da rashi kusa da kusa haka, dole a samu masu neman rabonsu ta hanya mai kyau da masu nema ta mummunar hanya. Wannan ba halin Zanzibar kaɗai ba ne, haka abin yake a duk tsibirin da ya dogara da baƙi.

Wani zai ce, mu da muka fito daga ƙasar da ake tare hanya a kwashe matafiya, wane tsoro za a ba mu da wani ɗan tsibiri? Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ba ma jayayya cewa wanda ke kwance a bakin tekun Nungwi ya fi wanda ke bin wasu hanyoyinmu da dare kwanciyar hankali. Amma a lura da abu guda. A nan kudu, duk da mu baƙi ne, ba mu kaɗai ba ne. In matsala ta same ka a Legas akwai Sarkin Hausawa, akwai shugaban kasuwa, akwai limamin unguwa, akwai ɗan uwan da zai zo caji ofis ya tsaya maka. In abin ya ƙi, ka nufi tasha ka hau motar arewa. A tsibiri babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hanyar fita biyu ce, jirgin sama ko jirgin ruwa, kuma dukansu suna neman fasfo da kuɗi. Ofishin jakadancin Najeriya yana Darussalam, a ƙetaren ruwa, tafiyar kamar awa biyu a jirgin ruwa mai sauri. Saboda haka ƙaramar satar da a gida za ka yi tsaki ka wuce, a can tana iya zama babbar masifa. In aka ɗauke jakar da fasfonka ke ciki, hutu ya ƙare, an shiga zirga-zirgar takardu. Shi ya sa Hausawa suka ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Sau da yawa ma cutar tana farawa tun mutum bai bar Najeriya ba. Instagram cike yake da masu tallar tafiya Zanzibar a dunƙule, jirgi da otel da biza, a farashin da ko tikitin zuwa bai kai ba. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Kuma ga abin da da yawa ba su sani ba: Najeriya tana cikin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi. Sai an nema tun daga gida, hukumar shige da fice ta can ta duba ta amince, kuma abin kan ɗauki makonni. Duk ejan da ya ce maka ka taho kawai za a buga maka a can, ko bai san aikinsa ba ko yana shirin cinye kuɗinka. A nemi ejan da ke da ofis da ake iya zuwa a same shi, mai rajista da ƙungiyar NANTA ta masu harkar tafiye-tafiye. In an ce an kama maka ɗaki, ka rubuta wa otel ɗin da kanka su tabbatar da sunanka da ranakunka. Daga 1 ga Oktoba 2024 kuma gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya ta dala 44 daga kamfanin inshora na gwamnatinta, ko da mutum yana da wata inshorar. A shafin hukuma ake saya. Kada a tura wa wani kuɗi ta asusunsa wai zai saya maka. Katin rigakafin shawara shi ma a tafi da na gaske, ba wanda aka buga a bayan fage ba.

Sai maganar kaya, wadda mu ta fi shafa fiye da kowa saboda kunyarmu. Bahaushe ba ya iya cewa a'a in aka ce don Allah riƙe mini wannan saƙon ka kai wa wane. Ba mu manta da ɗalibar nan da ta tafi Umara daga Kano a Disamban 2018 ba, aka kama ta a Saudiyya saboda wata jaka mai ƙwaya da aka maƙala wa sunanta ba da saninta ba. Sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan bincike ya gano masu wannan aika-aika a filin jirgi. Wasu ƙasashen tsibirai ba su da sassauci ko kaɗan a wannan fanni. Indonesiya, inda tsibirin Bali yake, ta harbe 'yan Najeriya da dama a 2015 da 2016 kan laifin ƙwaya. A 2023 Seshels ta tsaurara wa masu fasfon Najeriya shiga hutu, tana kafa hujja da safarar ƙwaya da damfara. Ko mun so ko mun ƙi, koren fasfo yana jawo mana ƙarin kallo. Don haka mutum ya ƙirga jakunkunansa da kansa, ya duba takardar da aka manna wa kowace, ya ɗauki hotonsu, ya adana 'yan ƙananan rasit ɗin. Saƙon da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, ko na wane ne, ka ba shi haƙuri.

Da ka sauka, gwaji na farko mota ce. Duk wanda ya zauna a Legas ko Abuja ya san 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa ƙarƙaf. Irin wannan yana faruwa a Darussalam, har gwamnatocin ƙasashen Turai suna gargaɗin 'yan ƙasarsu a kai: mutum ya shiga tasi marar rajista, ko motar wani da ya nuna masa fara'a, sai a zagaya da shi daga wannan na'urar cirar kuɗi zuwa waccan har a wanke asusunsa, wani lokaci a tilasta masa kiran 'yan uwa su turo ƙari. Wanda zai bi ta Darussalam ya hau jirgin ruwa ya riƙe wannan da kyau. A bakin tashar jirgin ruwan akwai 'yan kamasho da za su rufe ka, wannan ya ja jaka, wancan ya ce ofishin tikiti ya koma can. Ka sayi tikitinka a tagar kamfanin ko ta shafinsu, ka riƙe kayanka. In ta sama ka sauka a filin jirgin Abeid Amani Karume, abin da ya fi shi ne otel ya turo direba, ka san sunansa da lambar motarsa tun kafin ka taso. Daga gari zuwa Nungwi a arewacin tsibirin tafiya ce ta fiye da awa guda, ta cikin ƙauyuka da wuraren da babu fitila. Ba tafiyar da za a yi da tsakar dare a motar wanda ba a sani ba ce, balle da amarya da akwatunan lefe.

A nan bari mu ɗan ratse, domin akwai abin da ke rikita baƙi ko ba ɓarawo a ciki. Masu jin Suwahili suna fara ƙirga awa daga fitowar rana. Abin da suke kira saa moja, wato awa ta ɗaya, shi ne ƙarfe bakwai namu. Tazarar awa shida ce. In direba ya ce zai zo ƙarfe kaza, a tabbatar da wane lissafi yake yi, kada a tsaya a bakin titi da kaya cikin duhu ana jiran wanda sai gari ya waye zai zo.

Cikin gari kuwa akwai waɗanda mutanen wurin da kansu suke kira papasi, ma'ana kaska, saboda yadda suke manne wa baƙo. Za su bi ka daga kasuwar Darajani har lambun Forodhani inda ake gasa kifi da dare, wannan zai kai ka gonar kayan ƙamshi, wancan yana da kwalekwale mai araha. Yawancinsu ba 'yan fashi ba ne, neman na tuwo suke. Amma daga cikinsu ne ake samun wanda zai karɓi kafin alƙalami ya ɓace, ko ya kai ka lungun da abokansa ke jira. Lungunan Stone Town ƙunci ne da su, mota ba ta shiga, kuma da dare duk kama suke da juna. A ce hapana asante, wato a'a na gode, a ci gaba da tafiya. Duk yawon da za a yi, a shirya shi ta otel ko kamfani mai lasisi, ko da ya fi tsada. Wannan ya fi muhimmanci in tafiyar ta ruwa ce. Mutanen Zanzibar ba su manta da jirgin Spice Islander da ya nutse a Satumban 2011 da Skagit a Yulin 2012 ba, inda rayuka masu yawa suka salwanta. Kwalekwalen da ba rigar ruwa a cikinsa, ko aka cika shi maƙil, ba abin hawa ba ne komai arahar sa.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya kan ado. Muna son a san mun iso. Amarya ta zuba gwal ɗinta na Dubai wuya da hannu, ango ya riƙe waya mai tsadar fili yana ɗaukar bidiyo a tsakiyar kasuwa, aljihu cike da daloli saboda ɗabi'armu ta 'yan kasuwa ba ta yarda da kati ba. Wannan kiran ɓarawo ne da babbar murya. Gwal ya zauna a gida Najeriya, ba abin da zai rage wa hoton. Kuɗi a raba su gida uku, kaɗan a aljihu, saura a akwatin ajiya na otel tare da fasfo, a yi yawo da kwafinsa. Masu fizge a kan babur suna nan kamar yadda suke a nan, don haka jaka ta kasance ɓangaren da ba titi ba. In kuma aka fizga, a saki. Mutane sun ji munanan raunuka saboda sun riƙe igiyar jaka babur ya ja su a ƙasa. Haka in aka nuna maka wuƙa a bakin teku, ka miƙa abin da aka nema. Jarumtar da za a yi a kan waya ba ta da lada. Kuma a yi hattara da ihun mwizi, wato ɓarawo, domin can ma kamar nan ne, taron jama'a na iya kashe mutum a kan abin da bai kai ya kawo ba, kai kuma ka shiga shari'ar da ba ka shirya mata ba. Hotuna kuwa a bari sai an bar wuri a ɗora su. Sanar da duniya sunan otel ɗinka kana cikinsa ba wayo ba ne, kuma yana gaya wa na gida cewa gidanka na Legas ba kowa.

Inda muka fi so a tsaya a yi tunani shi ne ɗakin otel, domin nan ne kowa ke ganin ya tsira. A Janairun 2011 an kashe wata amarya 'yar Ailan a ɗakinta na wani babban otel a Morishus, tana tsakiyar hutun amarci. Masu gabatar da ƙara sun ce ta koma ɗaki ne ita kaɗai ta tarar ana sata. An gurfanar da ma'aikatan otel biyu, kotu ta wanke su a 2012. A Afrilun 2022 kuma wata 'yar Najeriya ta bayyana a Twitter cewa shekara guda kafin nan wani ya shigo ɗakinta da dare a wani otel da ke Nungwi ya nemi yi mata fyaɗe, ta kuma koka da yadda aka karɓi ƙorafinta. Maganar ta yi ƙarfi har hukumar yawon buɗe ido ta Zanzibar ta ce za ta bincika. Ba mu kawo waɗannan don tsoratarwa ba, irinsu ba kullum suke faruwa ba. Mun kawo su ne don a gane cewa makullin ɗakin otel ba kai kaɗai ke da shi ba. Da an shiga ɗaki a duba sakata ta ciki, a duba ƙofar baranda da tagogi, musamman a irin ɗakunan nan masu rufin ciyawa da ke warwatse a bakin ruwa. In sakata ba ta aiki a nemi canjin ɗaki nan take, ba kunya a ciki. Ɗan katakon tokare ƙofa ba ya cin wuri a jaka. In an ƙwanƙwasa da dare an ce ma'aikaci ne, a kira teburin karɓar baƙi a tambaya kafin a buɗe. In ka dawo ka ga ƙofarka a buɗe, kada ka shiga, koma ka kira mutane. Kafin a biya kuɗin otel kuma a karanta abin da waɗanda suka kwana a can suka rubuta, a fara da masu ƙorafi, a ga ko maganar sata ko shigowa ɗaki tana maimaituwa.

Bakin teku da dare shi ma haka. Da rana Paje da Jambiani cike suke da mutane, amma da rana ta faɗi sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga kowa ba, kuma masu gadin otel iyakarsu katangarsu. Yawon farin wata na ango da amarya a yi shi a gaban otel inda haske yake. Ko cikin gari ma ba a cika sakin jiki ba: a Agustan 2013 wasu a kan babur sun watsa wa 'yan mata biyu 'yan Ingila ruwan batir a Stone Town da daddare. Abin sha kuma, ko lemo ne, ba a barinsa a tebur a tafi a dawo a ci gaba da sha, kuma ba a karɓa a buɗe daga hannun wanda aka haɗu da shi yau.

Akwai laifin da yake namu ne mu al'umma, ba na matafiyi ba. In abu ya samu ɗanmu ko 'yarmu a irin wannan tafiya, abin da ya fara fitowa daga bakinmu shi ne, wa ya aike su? Me ya kai ta? Saboda tsoron wannan baƙar magana, wanda ejan ya damfara sai ya yi shiru, ejan ya ci gaba da damfarar na baya. Matar da aka ci wa zarafi ta haɗiye abin ta dawo da shi gida, wanda ya yi mata ya jira baƙuwa ta gaba. Wanda aka zalunta ba shi ne abin zargi ba, ko da ya yi sakaci. Muna ganin ya kamata duk wanda abu ya same shi ya kai rahoto tun yana can. Lambar gaggawa a Tanzaniya 112 ce. A je ofishin 'yan sanda a karɓi rahoto a rubuce, domin ba tare da shi ba inshora ba za ta biya ba, kuma ofishin jakadanci zai nema kafin ya ba da takardar komawa gida ga wanda ya rasa fasfo. In cin zarafi ne a fara da asibiti, a nemi takardar likita, a sanar da ofishin jakadanci tun ba a bar ƙasar ba.

A namu ɓangaren, abin da muke roƙon 'yan uwa mai sauƙi ne. Duk mai shirin irin wannan tafiya ya bar wa mutum ɗaya amintacce kwafin fasfonsa da bizarsa, sunan otel, lambar jirgi da ranar dawowa, su kuma yi alkawarin gaisawa sau ɗaya kowace rana, ta yadda in an ji shiru za a san inda za a fara nema. Ya sayi layin waya na can a shagon kamfani da fasfonsa, kada ya dogara da intanet ɗin otel kaɗai. Waɗanda suka riga suka je kuma su zauna da masu shirin tafiya su gaya musu wane ejan ya cika alkawari, wane direba ya zo a kan lokaci, wane otel ne sakatarsa ke aiki, da kuma inda aka cuce su in an cuce su.